Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamitocin Ɗaukar Malamai da Ƙarin Girma na Jami'o'i, Kan Yadda Ake Auna Aikin Malamin Faransanci

Masu girma shugabanni da mambobin kwamitoci,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina rubuto muku ne a matsayina na malamin da yake koyar da harshen Faransanci da adabinsa da kuma fassara a jami'a, kuma na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a domin abin da ke tafe da ni bai tsaya ga jami'a ɗaya ba. Ma'aunin da ake auna aikinmu da shi a hannunku yake. Ku ne kuke yanke wanda za a ɗauka aiki, da wanda za a tabbatar wa kujerarsa, da wanda zai hau matakin babban malami ko farfesa, da kuma wanda zai ci gaba da zama inda yake har furfura ta cim masa. Kukana shi ne, an ƙera wannan ma'auni ne domin wani irin aiki daban da namu, saboda haka mafi nauyin abin da malamin Faransanci yake yi ba ya samun wurin zama a kansa.

Wanda aka ɗauka aiki a sashen Faransanci takarda ɗaya aka ba shi, amma ayyuka uku ne suke jiransa, kuma kowannensu sana'a ce mai zaman kanta. Shi zai koyar da harshen tun daga baƙi da wasali, shi zai karantar da adabin da aka rubuta da harshen ya kuma yi bincike a kansa, sannan shi zai horar da masu fassara, shi ma ya zauna ya yi fassarar. A cikin waɗannan duka, abin da fom ɗin ƙarin girma ya fi ganewa shi ne maƙalar da aka buga a mujallar ilimi, musamman idan da Ingilishi aka rubuta ta. Sauran kuwa akan tura su can ƙasan fom, inda ake tara abubuwan da aka rasa yadda za a yi da su.

Koyar da harshe shi ne ya fi cin lokaci, shi ne kuma aka fi rainawa. Ɗalibin da ya zo karatun tarihi ko tattalin arziki ya zo da harshen da za a karantar da shi a bakinsa, amma namu sau da yawa yakan shigo bai iya haɗa jimla biyu ba, alhali ana so kafin ya fita ya iya karanta ƙagaggen labari na ƙarni na 19, ya kuma rubuta kundin kammala digirinsa da Faransanci. Wannan ba ya samuwa ta hanyar tara ɗalibai a babban zaure malami ya tsaya yana zuba lacca. Dole ne malami ya saurari bakin kowane ɗalibi, ya sa shi ya yi ta maimaita wasulan da ake fitarwa ta hanci har kunnensa ya fara bambance su, ya karɓi takardar insha'insa ya bi ta layi-layi da jan biro yana gyara jinsin suna da dacewar aikatau da 'yan alamomin da ake ɗorawa a kan wasula, ya mayar masa, sannan a mako na gaba ya sake karɓa ya tarar rabin kurakuran sun dawo inda suke. Tsarin matakan ƙwarewar harshe da aka fitar a Turai a 2001, wanda jarrabawar ƙwarewar Faransanci ta DELF da DALF suke bi a yau, ya kasa ƙwarewa gida shida daga A1 zuwa C2, kuma duk wanda ya taɓa ɗaga ɗalibi daga wani mataki zuwa na gaba ya san irin sa'o'in da hakan yake lashewa. A jadawalinku kuwa sa'a ɗaya sa'a ɗaya ce, ko an yi ta a gaban mutum ɗari uku da ba za a duba rubutunsu ba sai ƙarshen zango, ko an yi ta da mutum ashirin da kowannensu zai bi malami gida da takarda. Abin da ya ƙara muni shi ne, waɗannan azuzuwa na 'yan farko a kan ƙananan malamai ake jibge su, su ne kuma idan lokacin ƙarin girma ya zo za a ce ba su yi wallafa isasshiya ba.

Kan batun adabi, matsalar harshen wallafa ce. Jami'o'i da dama sun mayar da manyan rumbunan lissafa mujallu irin su Scopus da Web of Science alƙalan da ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinsu, alhali sanannen abu ne cewa waɗannan rumbuna sun fi karkata ga mujallun Ingilishi da fannonin kimiyya, kuma ba su cika lura da littafi ba, wanda a fannin adabi shi ne babban aikin da ake sanin malami da shi. Mujallu masu daraja da ake bugawa da Faransanci, waɗanda masana fannin suke karantawa a rumbunan intanet irin su Persée da Cairn da OpenEdition da Érudit, da yawansu ba su cikin jerin da kuke dubawa. Sakamakon haka sai ka ga malamin da ya ƙware a salon wani marubuci ya tilasta wa kansa rubuta bincikensa da Ingilishi domin ya sami maki. Ku dubi misalin Ahmadou Kourouma, marubucin ƙasar Kwaddebuwa, wanda masu buga littattafai na Paris suka fara ƙin karɓar littafinsa na farko, har sai da ya fito a Montreal a 1968 kafin a buga shi a Faransa a 1970. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne yadda ya lanƙwasa Faransanci ya bi zubin harshensa na Malinke. Wanda zai yi nazarin wannan salo a mujallar da masu karatunta ba su jin Faransanci, dole ya juya misalansa zuwa Ingilishi, kuma da zarar ya juya su, abin da yake son nunawa ya ɓace. Wato dai an sa shi ya lalata shaidarsa da hannunsa kafin a yarda a saurare shi.

Ba ni kaɗai nake wannan kuka ba, kuma ba 'yan fannin harsuna ne suka fara shi ba. Masana kimiyyar halittu ne suka tsara sanarwar San Francisco kan auna bincike a 2012, inda suka nemi a daina ɗaukar martabar mujalla a matsayin ma'aunin ingancin aikin mutum, kuma a 2019 aka fitar da kiran Helsinki da ya nemi a kare wallafar ilimi da harsuna daban-daban. A Faransa, hukumar da take duba cancantar malaman jami'a an kasa ta sashe-sashe bisa fannoni, ta yadda masanin adabi ne yake karanta aikin masanin adabi, haka kuma hukumar CAMES mai kula da ilimi mai zurfi a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wadda aka kafa a 1968 kuma take da mazauni a Wagadugu, tana miƙa fayil ɗin malami ga kwamitin ƙwararrun fanninsa. Waɗannan tsare-tsare su ma suna da nasu aibu, ban kuma ce a kwafo su yadda suke ba. Amma aƙalla a can wanda yake yanke hukunci kan rubutu yana iya karanta shi. Na sha ganin fayil ɗin da aka miƙa wa mutanen kirki, masana a fanninsu, waɗanda ba su jin kalma ɗaya ta Faransanci, abin da ya rage musu kawai shi ne su ƙirga shafuka su dubi sunan kamfanin da ya buga.

Inda zaluncin ya fi tsanani shi ne fassara, kuma a nan nake roƙon ku ƙara haƙuri da ni. Akwai wata abokiyar aikina da ta shafe shekaru tana fassara wani ƙagaggen labari daga Faransanci, ta rubuta masa doguwar gabatarwa, ta yi masa bayanai a ƙasan shafi, ta bi bugu daban-daban na littafin domin ta tabbatar da wanda marubucin ya amince da shi. Da ta gabatar da shi a neman ƙarin girma, sai aka ce ai littafin ba nata ba ne, na wani ne, ita juya shi kawai ta yi, aka ba shi makin da bai kai na maƙala mai shafi goma ba. A wannan shekarar kuma wani ya rubuta gajeriyar maƙala a kan littafin nan, yana dogaro da fassarar tata, aka ba shi cikakken maki. Ban ga laifin wanda ya rubuta maƙalar ba, domin ya yi aikinsa, amma ina ganin laifin dokar da ta haifar da wannan lissafi.

Wanda bai taɓa fassara littafi ba yakan ɗauka cewa aikin bai wuce buɗe ƙamus ba. Gaskiyar magana ita ce, babu wani karatu da ya kai na mai fassara zurfi. Mai sharhin adabi yana da damar zaɓen wuraren da suka dace da hujjarsa, ya tsallake sakin layin da ya gagare shi, ba wanda zai sani. Mai fassara ba shi da wannan mafaka, domin kowace jimla sai ya yanke hukunci a kanta, kuma hukuncin nasa yana nan a rubuce kowa zai gani. Sai ya san zamanin da aka yi rubutun, da irin maganar da masu mulki suke yi da wadda talakawa suke yi, da inda marubuci yake zolaya da inda yake da gaske, da ayar da ya ɗauko daga wani littafi bai faɗa ba. Bayan ya gano duk wannan, sai kuma ya koma harshen da yake fassarawa zuwa gare shi ya nemo masa kwatankwacinsa, wani lokaci ma ya zama shi ne mutum na farko da zai ƙirƙiro hanyar faɗin abin a wannan harshe. Idan bincike yana nufin gano abin da ba a sani ba da kuma sanya shi inda wasu za su amfana, to ban ga ta inda wannan aiki ya gaza ba.

Tarihin ilimi ma shaida ne. Antoine Galland ya fara fitar da fassararsa ta Dare Dubu da Ɗaya zuwa Faransanci a 1704, aikin da bai kammala fitowa ba sai 1717, kuma ta hanyarsa ne Turai ta san waɗannan labarai. A 1709 aka naɗa shi malamin Larabci a kwalejin sarki da ke Paris, wadda a yau ake kira Collège de France. Octave Houdas ya fitar da fassarar Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'di daga Larabci zuwa Faransanci a 1900, sannan shi da Maurice Delafosse suka fitar da ta Tarikh al-Fattash a 1913, kuma shekaru da dama masana tarihin Timbuktu da daular Songhai waɗanda ba su jin Larabci a kan waɗannan fassarori suka dogara, domin fassarar John Hunwick ta babban ɓangaren Tarikh al-Sudan zuwa Ingilishi ba ta fito ba sai 1999. An rubuta maƙaloli da kundayen digirin digirgir masu ɗimbin yawa a kan bayan waɗannan littattafai. Da a ce Houdas zai kawo fayil ɗinsa gaban wasu kwamitocinmu na yau, da sai an ce masa ya koma ya ƙaro wallafa.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma maganar tasu tana da tushe. Za su ce idan aka buɗe wannan ƙofa, gobe wani zai zuba littafi cikin manhajar fassara ta kwamfuta, ya ɗan shafa masa mai, ya kawo a ba shi farfesa. Haka ne, ana iya yi, kamar yadda ake iya satar maƙala ko a biya kuɗi a buga ta a mujallar bogi, kuma ba mu taɓa cewa saboda haka a daina ƙirga maƙaloli ba. Maganin abin shi ne tantancewa. A miƙa fassarar ga masana biyu ko uku da suka san harsunan biyu, su gwada ta da asalinta, su dubi wahalar matanin da aka zaɓa da amfaninsa ga fannin, mai fassarar kuma ya haɗo da bayanin hanyar da ya bi da dalilan zaɓinsa. Ƙungiyar malaman harsunan zamani ta Amurka ta fitar da ƙa'idoji irin waɗannan tun 2011, domin ta taimaka wa kwamitoci irin naku su auna fassara a matsayin aikin ilimi. Nazarin fassara kansa ba baƙon fanni ba ne: makarantar horar da tafintoci da masu fassara ta ESIT tana aiki a Paris tun 1957, kuma tun 1972 James Holmes ya zayyana iyakokin fannin a wani taro a Kopenhagen. Masu ba da lambar yabo ma sun riga mu gane wannan, domin tun 2016 kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa raba ta ake yi daidai tsakanin marubuci da mai fassara, kamar yadda aka yi a 2021 tsakanin David Diop da Anna Moschovakis.

Ba kuma kowace fassara nake nema wa makin bincike ba. Fassarar takardar shaidar karatu ko wasiƙar ofis hidima ce, a rubuta ta a matsayin hidima. Sai dai ko wannan ma ba a rubutawa. Idan wasiƙa ta zo daga wata jami'a ta ƙasar da ake Faransanci, sashenmu ake turo wa da ɗan rubutu a gefe cewa a taimaka a duba kafin gobe, idan baƙi suka zo kuma malaminmu ake kira ya bar ajinsa ya tsaya yini guda yana tafinta, a ƙarshe a yi masa godiya da baki, babu inda za a ga alamar aikin a fayil ɗinsa.

Akwai wata magana da ba a cika faɗa a fili ba, amma ita ce a ƙarƙashin yawancin wannan sakaci, wato cewa Faransanci harshe ne da rana take faɗuwa a kansa, don haka ba a bukatar a wahala a kan masu koyar da shi. Masu wannan ra'ayi suna da abin nunawa. Ƙididdigar ƙungiyar malaman harsunan nan ta Amurka ta nuna cewa tsakanin 2013 da 2016 manyan makarantun ƙasar sun rasa shirye-shiryen koyar da harsunan waje 651, kuma Faransanci ne ya fi kowane harshe asara. A Afirka ta Yamma, Mali ta sauke Faransanci daga matsayin harshen hukuma a kundin tsarin mulkinta na 2023, Burkina Faso ta bi sahu, a 2025 kuma Nijar ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa ta bar Faransanci a matsayin harshen aiki. Ni ban ga abin baƙin ciki a cikin al'umma ta ɗaukaka harshenta ba, hasali ma abin da ya kamata ke nan. Amma duk wanda ya yi tunani kaɗan zai ga cewa wannan mataki ƙara wa masu fassara aiki ya yi. Dokoki da hukunce-hukuncen kotu da littattafan makaranta da rahotannin lafiya da na noma, waɗanda aka tara cikin Faransanci fiye da shekara ɗari, ba za su tashi da kansu su koma Bambara ko Moore ko Hausa ba. Takardun mulkin mallaka da ke ajiye a Dakar da Aix-en-Provence, waɗanda tarihin al'ummomi da yawa yake kwance a cikinsu, sai wanda ya ƙware a harshen ne zai tono su. Lokacin da Boubacar Boris Diop ya ƙaddamar da jerin littattafan Céytu a 2016, inda aka mayar da ayyukan Mariama Bâ da Aimé Césaire da Le Clézio zuwa Wolof, mutanen da suka mallaki harsunan biyu ne suka yi aikin. Na'urorin fassara kuwa sun fi rauni daidai a irin waɗannan harsuna da ba su da rubuce-rubuce masu yawa a intanet, kuma ko inda suka ƙware sai an sami mutumin da zai iya cewa nan na'ura ta yi daidai, nan ta yi ƙarya.

Ya kamata kuma a daina ɗaukar malamin Faransanci a matsayin wakilin gwamnatin Faransa. Da wannan harshe Césaire da Frantz Fanon da Cheikh Anta Diop suka rubuta mafi zafin abin da aka rubuta kan mulkin mallaka. Ƙiyasin ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci na 2022 ya kai masu jin harshen miliyan 321, kuma fiye da rabin masu amfani da shi yau da kullum a Afirka suke. Harshen aiki ne a Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka da ECOWAS. Adabinsa ma ya daɗe da fin ƙarfin Paris, domin Mohamed Mbougar Sarr, ɗan Senegal, shi ne ya ɗauki kyautar Goncourt, babbar kyautar adabi ta Faransa, a 2021.

Illar wannan ma'auni ta riga ta fara bayyana a sassanmu. Ɗalibanmu mafiya hazaƙa, waɗanda muke fatan su gaje mu, suna kallon yadda muke, sai su zaɓi aikin tafinta a ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, kuma ba zan iya ce musu sun yi kuskure ba. Waɗanda suka zauna kuwa suna saurin koyon darasin da dokarku take koyarwa: kada ka taɓa babban aiki, ka yanyanka bincike ɗaya gida huɗu ka buga, ka guji ajin 'yan farko, fassara kuwa ka bar ta sai ka yi ritaya. Haka za a wayi gari da farfesoshin Faransanci da ba su taɓa fassara littafi ɗaya ba, suna horar da masu fassara.

Saboda haka nake roƙon ku, a zama na gaba da za ku yi domin sabunta ƙa'idojin ɗaukar aiki da ƙarin girma, ku ba fassarar ilimi da ta adabi layinta a cikin ayyukan bincike, bisa sharaɗin masana harsunan biyu su tantance ta, ku kuma amince da mujallu da littattafan Faransanci waɗanda masana fannin suka shaida ingancinsu ko da ba su cikin rumbunan da kuka saba dubawa. Ina kuma roƙon a riƙa lissafa ajin koyon harshe gwargwadon gyaran da yake jawowa, kuma kada a sake yanke hukunci kan fayil ɗin malamin Faransanci ba tare da an sami aƙalla mutum ɗaya da ya karanta abin da ke ciki da harshen da aka rubuta shi ba. Idan kuna bukatar wanda zai zauna da ku a tsara yadda za a yi tantancewar, akwai malamai a sassanmu da suke shirye su zo da misalan ayyuka a gwada a gabanku.

Ku huta lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin Faransanci da fassara a jami'a